Kada ka sayar da fadama don garin da a waya kawai ka gan shi

Wasiƙar wannan makon daga Argungu ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum, Kawu. Ni nas ne, shekarata 34, shekara tara ke nan ina aiki a wani asibiti a nan ƙasar Argungu. Ina da mata da 'ya'ya uku. Mahaifinmu ya rasu, Inna tana gidana. Ni ne babba, sai ƙannena mata biyu da autanmu da ke karatu a Aliero. Wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu yana Birtaniya, ya haɗa ni da wani ejan a Abuja. Ya ce akwai gurbin aikin kula da tsofaffi a wani birni wai shi Aberdeen, in kawo naira miliyan tara a fitar mini da takardar ɗaukar nauyi, bayan wata shida iyalina su biyo ni. Ba ni da wannan kuɗi sai in na sayar da fadamar da Baba ya bari, har ma an yi tayi. Kawu, ban taɓa wuce Abuja ba. Garin a waya kawai na gan shi. Albashina ba ya kai ni ashirin ga wata. Maiɗakina ta ce mu tafi. Inna ba ta ce a'a ba, cewa kawai ta yi, 'Allah shi sa albarka, amma wa za shi tsaya kaina in ta zo?' Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ejan ya ba ni mako biyu. In tafi ko in zauna?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana.

Kada ka ba mutumin nan ko kwabo, kada kuma ka karɓi kafin alƙalami a kan fadama. Da wannan na fara saboda mako biyun da ya ɗibar maka suna ta tafiya, sauran maganar kuwa za ta jira mu zauna.

Aikin da ya ce zai samo maka, ƙofarsa a rufe take. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta daina ba da bizar aikin kula da tsofaffi ga wanda yake nema daga wajen ƙasar. Kafin ma a rufe, tun 11 ga Maris ɗin 2024 aka hana masu irin wannan biza ɗauko mata da 'ya'ya. To ta ina iyalinka za su biyo ka bayan wata shida? Ita kuma takardar ɗaukar nauyi, wadda suke kira CoS, ba hajar kasuwa ba ce. Wanda zai ɗauke ka aiki shi ke fitar da ita, shi ke biyan kuɗinta, kuma an hana shi ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Abu uku mutumin nan ya faɗa maka, babu ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa. Ko dai ya sani yana shirin yi maka sakiyar da babu ruwa, ko bai sani ba yana ciniki da jahilci. Ko wanne ne, bai cancanci gonar ubanka ba.

In kana so zuciyarka ta kwanta, gwada shi da tambaya ɗaya: mene ne sunan kamfanin da zai ɗauke ni? Gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen duk masu lasisin ɗauko ma'aikata daga waje a shafinta na intanet, kyauta kowa ke dubawa. In ya fara kame-kame, ya ce sirri ne sai ka biya rabi, ka gama ji. Abokinka kuwa ban ce macuci ba ne. Mai yiwuwa ya shiga ne kafin a rufe ƙofar, yana zaton har yanzu a buɗe take. Amma ka tambaye shi a tsakaninku, da girma da arziki, ko yana da la'ada a cinikin.

Waɗanda suka biya irin wannan kuɗi tun ƙofar tana buɗe ma, da yawansu ba su ji da daɗi ba. Mutum ya sauka da biza ta gaskiya, ya je wurin aikin ya tarar babu aiki, ko a ba shi kwana biyu a mako. Bizarsa a ɗaure take da sunan kamfanin, in aka ƙwace lasisin kamfanin kwana 60 galibi ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya fita, kuma an rubuta masa ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati. Gona ta tafi, bashi yana jira a gida, kunya ta hana shi faɗi.

Yanzu mu zo kan tafiyar kanta, domin ban ce kada ka tafi ba. Mutumin da ya yi shekara tara yana kwana a kan marasa lafiya, albashi ba ya kai shi ashirin ga wata, in ya ɗaga kai ya dubi wani wuri, ba kwaɗayi ba ne. Ƙasar Allah mai faɗi ce. Kuma kai kana da abin da ejan ɗin nan bai ko ambata maka ba, saboda babu abin da zai ci a ciki: kai nas ne mai rajista. Ƙofar nas daban take, kuma ita ba a rufe ta ba. Hukumarsu ta masu jinya, NMC, ita ke yin rajista. Za ka ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET. Za ka yi jarrabawar kwamfuta, CBT, a nan Najeriya. Hukumarmu ta masu jinya da ungozoma za ta tabbatar musu da takardunka. Sai jarrabawar gwajin aiki da hannu, OSCE, wadda a can ake yin ta. Kafin biza akwai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, a Abuja ko Legas. Mai bizar nas yana iya ɗauko matarsa da 'ya'yansa da ba su kai shekara 18 ba. Hanyar tana da tsawo, shekara ko fiye, tana kuma cin kuɗi. Amma taki-taki ake biya, ga hukumar da aka sani, da rasit a hannu. In ka faɗi a matakin farko kuɗin jarrabawa ka rasa, fadama tana nan. Kuma ka guji mai ce maka zai gyara maka sakamako. A 2023 NMC ta soke sakamakon CBT na wata cibiya a Ibadan saboda maguɗi, abin ya shafi har waɗanda sun riga sun fara aiki a can.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da ejan-ejan ɗinsu zuwa farautar ma'aikata a nan. Abin da aka yarda shi ne kai da kanka ka nema kai tsaye. Ka ga ke nan duk mai ce maka shi wakilinsu ne a Abuja, ka san inda za ka ajiye maganarsa. Ni kaina in na tuna wannan jeri sai raina ya sosu. Na kwana a benci a asibiti da jikata tana zazzaɓi, nas ɗaya tana zagaya ɗaki biyu har asuba. Na san abin da tafiyar mutum ɗaya irinka take nufi ga ƙauyukan da ke kewaye da kai. Ba zan ɗora maka wannan nauyi ba, ba kai ka karya tulun ba. Na dai faɗa ne don yana cikin abin da ake aunawa.

Sai garin. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma abin da kake gani a waya bai kai hangen Dala ba, domin mai ɗaukar hoto shi ke zaɓar inda zai tsaya. Aberdeen tana arewa maso gabashin Sikotlan, ɗaya daga cikin yankunan Birtaniya, a bakin teku, tafiyar kusan awa bakwai a jirgin ƙasa daga Landan. Garin mai ne, man da ake haƙowa a cikin teku, shi ya sa 'yan Najeriya suke da yawa a can, ma'aikata da ɗalibai. Gine-ginensa na dutse ne ruwan toka. Akwai masallatai, akwai naman halal, akwai babban asibiti. Wuta ba ta ɗaukewa, albashi yana shiga ranar da aka ce, kayan aiki suna nan a ɗakin jinya, yara za su shiga makarantar gwamnati kyauta, za ka kwanta babu fargabar a buga maka ƙofa da dare. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kada wani ya raina maka su.

Amma ni na taɓa yin wata tara a Sikotlan, kwas aka tura ni, a wani gari kudu da Aberdeen, kuma abin da ya fi ba ni wuya babu shi a hoto. Duhu ne. A watan Disamba hasken rana a Aberdeen ba ya kai awa bakwai. Sai kusan tara saura take fitowa, kafin uku da rabi ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin awa uku da rabi suke wucewa, in kana kan aiki sai ka yi da gaske. A watan Yuni kuma abin ya juya, ƙarfe goma na dare da sauran rana, sararin sama ba ya gama yin baƙi kafin gari ya sake wayewa. Hunturunmu na Kabi, komai tsananinsa, da hantsi ya dubi ludayi za ka fito gindin katanga ka sha rana, ya sake ka. Can babu ranar da za ka sha. Sanyi ne mai jiƙa, da iskar teku da ke ratsa riga uku.

Ranar Sallah ce ba na mantawa. Ba hutu ba ne a wurinsu, ranar aiki ce kamar kowace. Muka yi Idi a wani zaure da aka kama haya, muka gaisa da mutanen Pakistan da Sudan, kowa ya duba agogo ya kama gabansa. Ƙarfe sha ɗaya ina cikin aji. Da yamma na koma ɗaki na dafa shayi, na yanka burodi, na zauna bakin gado da babbar rigata a jiki. Ba kiɗa, ba ƙarar dawaki, ba yaro ko ɗaya da ya yi sallama neman barka da Sallah. Hitar ɗumama ɗaki kawai ke ƙara. Ban san sanda hawaye suka zubo mini a kan rigar ba. Ni wata tara ne, na san ranar komawata. Kai shekaru kake magana.

Mu Kabawa ba yau muka fara tafiya ba. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, sun san Salaga, sun san zangon Kumasi. Amma ka lura da yadda suke yi. Ba a tashi sai da madugu wanda ya taka hanyar da ƙafarsa. Ba a kama hanya sai an san zangon da za a kwana. Kuma falke ba ya shiga gari sai ya san mai masaukinsa, mutumin da zai sauke masa kaya a zaurensa, ya tsaya masa a ciniki, in rigima ta tashi ya shiga gaba, in ciwo ya kama shi ya yi jinya, in ta Allah ta kasance ya sa a yi masa sutura. Kai wane ne mai masaukinka a Aberdeen? Ban ga sunansa a wasiƙarka ba.

Tunda ba za ka iya zuwa ka gani ka dawo ba, ga yadda za ka taka garin daga inda kake. Nemi mutum uku, ban da abokinka, nas-nas 'yan Najeriya da suka yi aƙalla shekara biyu a can. Ta ƙungiyoyinku na WhatsApp za ka same su. Ka roƙi kowannensu kiran bidiyo, amma daga cikin ɗakinsa, ba daga bakin teku ba. Ya nuna maka inda yake kwana, inda yake girki, tagar ɗakin da ƙarfe huɗu na yamma. Ya rufe sunansa ya nuna maka takardar albashinsa ta wata. Sannan ka buga wa masallaci, ka tambaya ina ake binne Musulmi, nawa ake kashewa, akwai Islamiyyar yara ko babu. Mutum uku in bakinsu ya zo ɗaya, ka fara sanin gari.

Takardar albashin nan ita ce za ta sauko da kai ƙasa. Nas mai farawa a asibitin gwamnati a Sikotlan yana samun sama da fam dubu 30 a shekara. In ka buga shi da naira, musamman tunda fam ya haye dubu biyu a 2024, kanka zai yi jiri. To kada ka buga. Da fam za ka ci, da fam za ka kwana. Tun kafin kuɗin ya shigo hannunka an cire haraji, an cire inshorar ƙasa, an cire fansho. Sai hayar gida, wata-wata ake biya, da kuɗin ajiya tun kafin a ba ka makulli. Sai harajin ƙaramar hukuma a kan gidan, sai kuɗin ɗumama ɗaki, sai mota. Kafin ka ci OSCE ma albashin mataimaki za a riƙa ba ka. Ka kuma karanta kwantaragi da idon basira, domin da yawa suna da sharaɗin cewa in ka bar aiki kafin wa'adi za ka mayar da kuɗin jirgi da na jarrabawa da suka kashe maka. Abin da ya saura bayan duk wannan shi ne albashinka, kuma a kansa duk dangi za su sa ido, domin ranar da ka sauka Argungu kaf za ta ji.

Maiɗakinka ta ce ku tafi, Allah ya yi mata albarka da ta tsaya tare da kai. Amma me aka faɗa mata? Kai za ka fita aikin awa goma sha biyu, wani lokaci na dare. Ita za ta wuni da yara uku a gida a rufe. Babu maƙwabciyar da za ta miƙa wa goyo ta katanga, babu suna, babu biki, babu Inna a tsakar gida. Ba a barin ƙananan yara su kaɗai a fita, hukuma za ta shigo. Tun Nuwamban 2020 dukan yaro, ko na tarbiyya, laifi ne a dokar Sikotlan. Ka samo mata wata Bahaushiya ko 'yar Arewa da ke zaune a can su yi magana, kai kuma ka fita daga ɗakin. In bayan nan ta sake cewa ku tafi, to wannan amsar tata ce.

Dokokin kansu ba sa zama wuri ɗaya. Ka ga yadda suka sauya sau biyu tsakanin 2024 da 2025. An saba bayan shekara biyar mutum ya nemi izinin zama na dindindin, sai ga shi a Mayun 2025 gwamnati ta fito da shawarar mayar da shi goma. Baƙo ba shi da ta cewa in masu gida suka sake shawara. A ƙarshen 1969 gwamnatin Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita, aka yi ta lodin mutane a manyan motoci. Ƙanin kakana yana cikinsu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗinki a Kumasi, ya dawo da akwatin ƙarfe ɗaya da kan keken ɗinki a naɗe cikin bargo. Ina yaro na san shi, tsoho mai yawan shiru. Kafin ya tafi an so ya sayar da gonarsa ya ƙara jari, ya ƙi, ya bar wa ƙaninsa aro. Da ya dawo, damina ta farko ya shiga gonar nan da fartanya, a cikinta ya aurar da 'ya'yansa biyar. Abokan tafiyarsa da suka sayar da nasu, a gonar wasu suka ƙare suna ƙwadago. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Balle fadama a Argungu, inda ake noman shinkafa rani da damina, injinan casa suna jiran kaya a nan garinku da Birnin Kebbi. Wanda ya yi maka tayi da sauri ya san abin da yake saye. Sannan ka ce fadamar da Baba ya bari. An raba gadon? In ba a raba ba, Inna tana da tumuni a ciki, ƙannenka mata suna da rabonsu, auta yana da nasa daidai da naka. Kasancewarka babba riƙo aka ba ka, ba mallaka ba. Ko tafiyar ta tabbata ta hanyar gaskiya, ka bar ta a hannun wanda kuka yarda da shi ya noma, a riƙa auna wa Inna shinkafarta. Kada a sayar, kada a jinginar.

Na bar Inna ƙarshe don maganarta ce ta hana ka barci, ba miliyan tara ba. Bizar aiki mata da 'ya'ya kawai take ɗauka, uwa ba ta ciki. Kuma ba zan ɓoye maka ba: daga Aberdeen sai ka sauka Landan, daga Landan Abuja, daga Abuja ka nemi jirgin Birnin Kebbi ko Sakkwato, sannan mota. Mu kuwa ba ma kwana da gawa. In ta zo kana can, ba za ka sami jana'iza ba, sai dai zaman makoki. Inna ta riga ka yin wannan lissafi. Shi ya sa ta sa maka albarka, don kada ta tare maka arziki, sannan ta yi tambayarta. Ba hani ba ne, ba kuma izini ba ne tukuna. Tambaya ce da ke jiran amsa mai suna: wane ne zai kai ta asibiti da tsakar dare, a ɗakin wa za ta zauna in ka kwashe jikokin da ke ɗebe mata kewa, wa zai shiga kabari ya karɓe ta.

In da ni ne kai, bana ba zan tafi ba, ba kuma zan zauna hannu rabbana ba. Zan sa kuɗin da zan iya cirewa daga shinkafar rani in yi rajistar jarrabawar Turanci, sakamakonta yana aiki shekara biyu. A cikin wannan lokaci auta ya gama Aliero a ga irin tsayuwarsa, ka sami mai masauki na gaskiya, ka san abin da zai rage a hannunka da fam, maiɗakinka ta ji daga bakin 'yar'uwarta mace. Ka yi istihara, ka maimaita, amma da waɗannan a gabanka, ba da wa'adin ejan a wuyanka ba. In a lokacin asibiti ya ɗauke ka da sunansa da adireshinsa, Inna ta ce je ka da bakinta da zuciyarta, ka tafi, ni ma zan sa maka albarka.

Yau bayan Isha'i ka bar wayarka a ɗakinka, ka shiga wurin Inna ka zauna a tabarma. Ka fara gaya mata fadama tana nan, ba za a taɓa ta ba. Sannan ka ce, "Inna, tambayar da kika yi mini rannan, wa kike so ya tsaya?" Ka yi shiru har ta gama, ko da za ta kai ku tsakar dare. Gobe kuma ka tura wa ejan tambayar sunan kamfani, duk abin da ya amsa ka rubuto mini.